Hatimin Da Ke Gadin Manyan Kwamfutoci Tun Kafin Su Farka

Duk wanda ke zaune a Ikko ko Badun ko Shagamu ko Fatakwal, ya kuma saba aika wa iyalinsa kuɗin cefane ta waya ko ta hannun mai POS, to, yana da wani abokin hulɗa da bai taɓa sa wa ido ba. Abokin nan kuwa shi ne wasu manya-manyan kwamfutoci da ake jerawa a kan kantocin ƙarfe cikin ɗakuna masu sanyi, babu allon kallo a jikinsu, babu kuma mai zama a gabansu, aikinsu kurum su amsa kiran sauran na'urori dare da rana. Masu sana'ar suna ce wa irin wannan kwamfuta saba, wasu kuma suka laƙaba mata suna uwar garke, kuma da yake sunan nan ya dace da ita, shi za mu riƙe. Tun ƙarancin takardun Naira na farkon 2023 dai, mai shayi da ɗan goro da dillalin shanu duk sun koma ga tura kuɗi, saboda haka abin da ya sami uwar garke ya sami aljihun kowa.

Yawancin maganar da ake yi kan tsaron kuɗi ba ta wuce ta lambar sirri da 'yan damfara masu kiran waya. Amma akwai wata ƙofa can ƙasa wadda ba safai ake zancenta ba, watau 'yan mintocin nan da na'ura ke yi tana farkawa bayan an kunna ta. Wanda ya riga kowa shiga a wannan lokaci, gidan duka ya zama nasa.

YADDA NA'URA KE FARKAWA

Sa'ad da aka ba kwamfuta wuta, ƙwaƙwalwarta, wadda ake kira furosesa, ba ta san kome ba, ba ta ma san akwai faifan ajiya a jikin na'urar ba. Abin da aka gina ta a kai shi ne ta nufi wata 'yar ƙwaya da ke maƙale a babban allon na'ura, ta karanta umurnin farko daga can. Umurnin da ke cikin ƙwayar nan shi za mu kira manhajar dashe, don kuwa tun daga masana'anta aka dasa ta. A da BIOS ce ke wannan aiki, yanzu kuwa galibi UEFI ce. Ita ke duba lafiyar kayan ciki, ta tashe su ɗaya bayan ɗaya, sa'an nan ta nemo wata ƙaramar manhaja a kan faifai, wadda za mu ce wa ɗan jagora, ta miƙa masa ragama. Ɗan jagora ya ɗauko babbar manhaja, Linux ko Windows, ita kuma ta ta da sauran ma'aikata, har da manhajar banki, har da mai farautar cutar kwamfuta.

To, mai karatu ya lura da jerin nan. Mai farautar cuta kusan shi ne na ƙarshe a zuwa, kuma duk abin da yake son sani game da na'urar, waɗanda suka riga shi tashi yake tambaya. In ɓarawo ya sami wurin zama a cikin ɗan jagora ko a cikin manhajar dashe, shi ne zai riƙa ba da amsa, amsarsa kuwa kullum ita ce lafiya lau.

Ɓarayi sun daɗe da gane haka. A 1986 wasu 'yan'uwa biyu a birnin Lahore na Pakistan, Basit da Amjad Farooq Alvi, suka rubuta wata cuta mai suna Brain, wadda ke ɓuya a sashen farko na ƙananan faya-fayan zamanin, daidai inda na'ura ke fara karantawa. Su kam ba su ɓoye kansu ba, har adireshinsu da lambar wayarsu suka sa a ciki. A 1998 kuma wani ɗalibi a Taiwan, Chen Ing-hau, ya rubuta CIH, wadda ta tashi ran 26 ga Afrilu 1999 ta goge faya-fayai, ta kuma lalata BIOS ɗin wasu na'urori har suka kasa ko buɗe ido. Duk tsawon shekarun nan BIOS ba ta tambayar kowa shaida. Abin da ta tarar a wurin da aka ce ta duba, shi take miƙa wa ragama.

HATIMIN LISSAFI

Kowa ya san takardar da ta fito daga fada da hatimi ake gane ta. Sai dai hatimin tawada yana da rauni biyu. Wanda ya ƙware a sassaƙa zai iya duban hatimin ya sassaƙa irinsa, sa'an nan kuma ko hatimin na gaske ne, ba ya hana wani ya ƙara layi ɗaya a cikin takardar bayan an buga shi. Masana lissafi sun samo hatimin da ya toshe waɗannan ramuka biyu. Whitfield Diffie da Martin Hellman suka fito da tunanin a Amurka a 1976, shekara guda bayan haka kuma Ron Rivest da Adi Shamir da Leonard Adleman suka fito da hanyar aiwatar da shi, wadda ake kira RSA da harafin farko na sunayensu.

Ga yadda abin yake. Ana haifar mabuɗai biyu tare, kamar tagwaye. Ɗaya na sirri ne, yana hannun mai shi, da shi ake buga hatimi. Ɗayan kuwa na fili ne, ana raba shi ga duk mai so, amma ba ya iya buga kome, iyakarsa ya shaida cewa lalle ɗan'uwansa ne ya buga hatimin nan. Mabuɗan ba ƙarfe ba ne, lambobi ne dogaye ainun. A irin RSA da aka fi amfani da ita wajen wannan aiki, lambar tana da alƙaluma 617, kuma gano na sirri daga na fili aiki ne da ya fi ƙarfin kwamfutocin da ake da su.

Saura maganar ƙarin layi. Kafin kamfani ya buga hatimi a kan manhajarsa, sai ya zuba ta duka cikin wani lissafi mai suna SHA-256, wanda ke tace ta ya fitar da wani ɗan gajeren jeri na haruffa da alƙaluma 64. Jerin nan tamkar dangwalen yatsan manhajar ne. In aka sake ko ɗigo ɗaya a cikinta, jerin gaba ɗaya zai sake kama. A kan dangwalen nan ake buga hatimi. Saboda haka in na'ura za ta tashi, sai ta sake yin lissafin da kanta a kan manhajar da ta tarar, ta gwada da abin da hatimi ya shaida. In sun zo daidai, ta miƙa ragama. In sun saɓa, ta tsaya cik, don da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ga banki, uwar garken da ta ƙi tashi asara ce ta awa ɗaya ko biyu, kuma kowa zai gani. Wadda ta tashi da ɓarawo a cikinta kuwa tana iya yin shekara tana aiki ba wanda ya sani.

An shigar da wannan tsari cikin ƙa'idojin UEFI a 2011, kuma a allon saitin na'ura an rubuta shi da sunan Secure Boot, watau amintaccen tashi. Ya bazu ne daga 2012, sa'ad da kamfanin Microsoft ya sa shi sharaɗi ga masu ƙera kwamfutocin da za su ɗauki tambarin Windows 8. A cikin manhajar dashe akwai rajista huɗu. Ta farko tana riƙe da babban mabuɗi, wanda galibi na maƙerin na'urar ne, shi ne maigida. Ta biyu tana riƙe da mabuɗan wakilai, waɗanda maigida ya yarda su gyara sauran rajistocin. Ta uku jerin waɗanda aka amince da hatiminsu ne, ta huɗu kuma jerin waɗanda aka kora. Wanda sunansa ya shiga ta huɗu ba ya wucewa, ko da yana cikin ta uku.

Da aka fara, masu amfani da Linux sun ta da jijiyar wuya, kuma suna da hujja. Kusan kowace kwamfuta da mabuɗin Microsoft take fitowa daga masana'anta, alhali kuwa ɗimbin uwayen garken duniya Linux suke ɗauke da ita. Aka sasanta da wani ɗan ƙaramin jagora mai suna shim, wanda Matthew Garrett ya rubuta a 2012. Microsoft ke buga masa hatimi, shi kuma yana ɗauke da mabuɗin masu Linux ɗin, ya duba na bayansa. Sulhun ya yi aiki, amma a ganinmu bai kau da tambayar ba: kamfani ɗaya ya zama mai riƙe da hatimin abokan gasarsa. Mai uwar garke dai yana da iko ya goge mabuɗan masana'anta ya sa nasa, sai dai ya kwana da sanin cewa daga ranar shi ne zai riƙa buga wa kowace sabuwar manhaja hatimi, shi ne kuma zai tsare mabuɗin.

WA KE BINCIKEN MAI BINCIKE?

Mai karatu mai lura zai ce, to, manhajar dashe tana binciken ɗan jagora, ita kuma wa ke bincikenta? Tambayar tana kan hanya. Ƙwayar da manhajar dashe ke zaune a ciki ana iya sake rubuta ta, dole ne ma a iya, in ba haka ba ba za a gyara kuskure ba. A watan Satumba 2018 kamfanin ESET na ƙasar Sulobakiya ya ba da labarin wata cuta mai suna LoJax, wadda aka dasa a cikin UEFI ɗin kwamfutocin wasu hukumomin gwamnati a yankin Balkan da tsakiya da gabashin Turai. Ita ce irinta ta farko da aka kama tana aiki a fili. Ko an goge faifai an sake zuba Windows, ko an cire faifan ma an sa sabo, tana nan, don ba a kan faifai take ba.

Saboda haka dole sarƙar amana ta fara daga wani abu da ba ya sakuwa sam. Maƙera suka koma ga ƙarfen kansa. A cikin ƙwayoyin na'ura akwai wasu 'yan mitsi-mitsin fiyus da ake ƙonawa sau ɗaya tak, in an ƙona ba gyara. Tsarin Boot Guard na kamfanin Intel, wanda ya fito a 2013, da su yake aiki: a masana'anta ake ƙona dangwalen mabuɗin maƙerin na'ura a cikinsu, sa'an nan duk ranar da aka kunna wuta, furosesa ta fara duba hatimin sashen farko na manhajar dashe kafin ta karanta ko layi ɗaya daga ciki. Kamfanin AMD yana da nasa irin wannan. Google ma ya ƙera tasa ƙwayar mai suna Titan, wadda ya bayyana a 2017, don gadin uwayen garkensa. Wannan shi masana ke kira tushen amana. Tushe ya shaidi manhajar dashe, ita ta shaidi ɗan jagora, shi ya shaidi babbar manhaja, kowa sai an shaide shi kafin ya shaidi na gaba.

Uwar garke tana da wata ƙarin ƙofa da kwamfutar gida ba ta da ita. A cikinta akwai wata 'yar ƙaramar kwamfuta ta daban, za mu ce mata wakilin nesa, wadda ba ta barci muddin waya na jikin soket, ko da an kashe babbar. Ta hanyarta ne injiniya zai zauna a wani gari ya kunna na'ura ko ya kashe ta ko ya zuba mata sabuwar manhaja. Wakilin nan ma yana da tasa manhajar dashe. A ƙarshen 2021 wani kamfanin tsaro na Iran mai suna Amnpardaz ya bayyana wata cuta da ta shiga wakilin nesa na wasu uwayen garken HP, aka sa mata suna iLOBleed. Tana goge faya-fayai, kuma in injiniya ya zo sabunta manhajar wakilin, sai ta nuna masa a allo cewa an sabunta, har da sabuwar lamba, alhali kuwa ba abin da ya motsa. Shi ya sa hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, a ƙa'idar da ta fitar a 2018 ta ce kariya kaɗai ba ta isa ba, sai na'ura ta iya gane an taɓa ta, ta kuma iya komawa ga wani kwafi mai kyau da ta ajiye.

INDA GIZO KE SAƘA

Cikin manyan ɓarakokin da aka gani, babu wadda ta zo ta hanyar karya lissafin hatimi. Duk ta wajen mutane suka zo.

Na farko, manhaja tana iya ɗaukar hatimi na gaske kuma tana da rami a cikinta. A watan Yuli 2020 kamfanin Eclypsium ya bayyana wani rami a GRUB2, ɗan jagoran da yawancin Linux ke amfani da shi, aka kira shi BootHole. Gyaran farko da aka fitar cikin gaggawa ya bar wasu uwayen garke masu Red Hat da CentOS sun kasa tashi, an gudu ba a tsira ba. Sai kuma BlackLotus, wadda aka sa a kasuwar ɓarayi a 2022 kan Dala 5,000. Ramin da take bi Microsoft ya riga ya toshe shi tun Janairu 2022. Amma tsohon ɗan jagora mai ramin ba a sa shi a jerin korarru ba, hatiminsa na nan da rai. Sai ɓarayin suka riƙa zuwa da tsohon a aljihunsu, su ajiye shi a na'urar, ita kuwa ta duba hatimi ta ga na gaske ne, ta buɗe ƙofa. A watan Maris 2023 ESET ya tabbatar tana cin Windows 11 wadda aka yi wa duk gyare-gyarenta.

Me ya hana a kori tsohon tun farko? Gaba kura ce baya sayaki. Wurin da rajistar korarru ke zaune ƙarami ne, ba zai ɗauki kowa ba. Ban da haka, ranar da aka kori tsohon ɗan jagora, duk faya-fayan ceto da kwafin ajiya da ma'aikatu suka tanada da shi sun daina tashi. Saboda haka Microsoft ya ɗauki abin daki-daki tun daga Mayu 2023. Ko a hakan, wani gyara da ya fitar a watan Agusta 2024 ya hana Linux tashi a kan wasu kwamfutocin da ke ɗauke da ita tare da Windows.

Na biyu shi ne ajiyar mabuɗi, kuma a nan ne mai dokar barci ya ɓige da gyangyaɗi. Kamfanin AMI na Amurka, wanda ke sayar wa maƙera da yawa manhajar dashe, yakan haɗa musu da mabuɗin gwaji, an rubuta a jikinsa ɓaro-ɓaro cewa kada a amince da shi, kada kuma a fitar da shi kasuwa. Abin da ake so shi ne kowane maƙeri ya cire shi ya sa nasa. A watan Yuli 2024 kamfanin Binarly ya nuna cewa maƙera da dama ba su cire ba, tun daga 2012 suna sayar da na'urori da mabuɗin gwaji a matsayin maigida. Ɗaya daga cikin mabuɗan nan kuwa, ɓangarensa na sirri ya riga ya fita a GitHub a 2022, an kulle shi da kalmar sirri mai harafi huɗu kacal. Samfurin na'urori fiye da 200 na Acer da Dell da Gigabyte da Intel da Supermicro ne abin ya shafa ta wannan mabuɗi kaɗai. A allon kowace ɗaya daga cikinsu an rubuta amintaccen tashi yana kunne, kuma gaskiya ne yana kunne.

Wannan ana iya gyara shi da sabon mabuɗi. Na kamfanin MSI na Taiwan ya fi muni. A 2023 'yan fashin intanet masu neman fansa suka kutsa masa, suka watsa abin da suka kwasa, a ciki har da mabuɗan sirri na Boot Guard na samfura fiye da 100. Dangwalen mabuɗan nan a fiyus aka ƙona shi, kuma rashin sakuwar da ya sa aka amince da fiyus shi ne ya hana a sake shi.

GA MASU SAYEN NA HANNU

'Yan'uwanmu da ke harkar kayan kwamfuta na hannu a Ikeja da Alaba, akwai abin da ya shafe su kai tsaye. A tsarin AMD, fiyus ɗin yana cikin furosesa ne. Wasu maƙera, Dell na cikinsu, sun saita uwayen garkensu yadda da zarar an sa sabuwar furosesa samfurin EPYC aka kunna, mabuɗin kamfanin ya ƙonu a cikinta. Daga ranar furosesar ta zama ta gidan nan har abada. In aka cire ta aka kai ta allon wani kamfani, na'ura ba za ta tashi ba, ga shi kuma ido ba ya gane bambancin. Wanda zai sayi irin wannan daga kayan da aka kwance a Turai ko Amurka, ya tambayi daga jikin wace na'ura aka ciro ta, ya kuma ga an gwada ta a irin allon da zai sa ta kafin ya biya. Wanda kuma ya sayi uwar garke sukutum, kada ya amince da abin da allonta ya gaya masa game da kanta. Ya sake zuba manhajar dashe da ta wakilin nesa daga wurin maƙeri, ya sake kalmar sirrin wakilin, ya kuma buɗe rajista ya ga mabuɗin wa ke zaune a matsayin maigida.

Sa'an nan akwai maganar wa'adi. Takardun shaidar mabuɗan da Microsoft ya fitar a 2011 shekara 15 aka yanka musu, watau biyu daga ciki wa'adinsu Yuni 2026 ne, ɗaya kuma Oktoba 2026. An fitar da magadansu tun 2023, amma sai an shigar da su rajistar kowace na'ura, wasu ma sai maƙeri ya fitar da sabuwar manhajar dashe tukuna. Na'urar da ba a yi wa haka ba za ta ci gaba da tashi yadda ta saba, ba ƙara ba jan fitila, sai dai sabon ɗan jagora da sabon jerin korarru da aka buga wa hatimi da sababbin mabuɗai ba za ta karɓe su ba. Tsofaffin uwayen garken da maƙeransu suka daina kula da su, irin waɗanda suka fi yawa a kasuwar na hannu, su ne suka fi shiga wannan hali.